Sauyin Turke

Shekara uku ina zaune a Peterhead
da sunan matata.
Ba zolaya nake ba. A takardar zama
ƙarƙashinta aka rubuta ni,
kamar ƙarin jaka a tikitin fasinja.
Rumasa'u ce ta zo karatu Aberdeen,
ni ɗan rakiya ne.
In ta zauna in zauna, in ta miƙe in naɗe tabarma.

Daren da muka yi cacar baki kan kuɗin ɗumama ɗaki
ba ta ambaci biza ba,
wallahi ko da wasa,
amma na ji takardar tana numfashi cikin durowa,
sai na haɗiye sauran maganata da shayi.

Aikina gyaran injin sanyi
a kamfanin kifi, bakin tashar jiragen ruwa.
Biyar na asuba tsuntsayen teku na ta kururuwa
kamar an yi musu rasuwa,
ni da Vytautas kwance ƙarƙashin bututu,
yana zagin noti da harshensu, ina zagi da nawa,
notin bai ji ko ɗaya ba.

Wata Talata Moira Buchan ta kira ni ofis.
Tabarau a ƙarshen hanci, kofi ya huce a gabanta.
"Karatun matarka ya kusa ƙarewa, ko?
Ba mu da wani mai jin tarin injin nan sai kai.
Kamfani zai tsaya maka."
Ta turo min wata lamba mai tsawo a guntun takarda.
Na sa a aljihu, na yini ina taɓawa
kamar mai sabon haƙori.

Daga nan sai cike-cike.
Yaushe ka shigo, yaushe ka fita, nawa ne albashi.
Suka ɗauki yatsuna goma,
har wanda ƙanƙara ta cinye wa zane.
Suka gwada Turancina,
ni da na shekara uku ina rarrashin injinsu da shi.
Kuɗin da muke tarawa na mota
ya tafi a dannawa ɗaya, ko ƙararsa ban ji ba.

Sai jira.
Mai jira ba ya ƙetare ruwa.
Aka raɗa wa ɗan ƙanena sunana,
na halarta ta waya, a tsaye a bayan sito,
hoton yana tsinkewa, ragon yana dawowa rabi-rabi.

Saƙon ya zo hannuna cikin baƙin mai.
Vytautas ya riƙe min wayar, ya karanta, ya kwashe da dariya:
"Shi ke nan, yanzu kai na Moira ne."
Na yi dariya ni ma,
amma ta tsaya min a wuya kamar ƙayar kifi.
Akuya ce aka sauya wa turke.
Tsohuwar igiyar ta san ina son barkono a ƙwai,
tana ɗora min ƙafa mai sanyi cikin dare.
Sabuwar agogo gare ta a bakin ƙofa,
in kamfani ya yi atishawa
ni zan kwana da mura.

Duk da haka, sunana ne a sama.
Na karanta shi sau huɗu a motar komawa gida.

Jiya Rumasa'u ta zauna cike nata.
Ta zo layin da ake tambayar wa take bi,
ta ɗago ta dube ni ta saman kwamfuta:
"To, Malam, amana ta dawo hannunka."
Ban ce komai ba.
Na tashi na ƙara wa ɗakin ɗumi,
na buɗe durowar nan,
na bar ta a buɗe.